Fatar jar akuya da kilishi: Kayan alfarmar da Arewa ke sayarwa ba tare da suna ba

A ranar kasuwa a garuruwan ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya zuwa Matankari har Tibiri da Gesheme, hantsi ba ya dubawa sai mahauta sun gama fiɗa. Nama ya wuce kan tebur, wani ya tafi tukuba, fatu kuwa a jibge su gefe guda. Can sai mai sayen fata ya iso. Yakan ɗaga kowace ɗaya ya haska ta a rana don ya ga ko wuƙa ta huda ta, ya yi tayi, a ɗan ja, a sallama, ya ɗaure kayansa a bayan babur ya kama hanya. Ba a rubuta sunan matar da ta yi kiwon akuyar, ba a rubuta na mahaucin da ya feɗe ta, balle sunan garin. Daga wannan rana fatar ta zama ba ta kowa ba.

A watan Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata tsohuwar jakar fata a birnin Paris kan kuɗi Yuro miliyan 8.6. Jakar ta sha jiki, duk ta yi tabo. Abin da ya kai ta wannan farashi shi ne ita ce ta farko da kamfanin Hermès ya ɗinka wa mawaƙiya kuma 'yar fim Jane Birkin a tsakiyar shekarun 1980, kuma an san wanda ya yi ta, da wadda ta riƙe ta, da hannun da ta bi har ta iso ɗakin gwanjo. Wanda ya saya, labarin ya biya.

Matasan Dogon Dutsi da ke Yamai, Legas, Abijan ko Marseille sun san sunayen Gucci da Louis Vuitton kamar sunan unguwarsu. Da yawa sun taɓa sa takalmi ko ɗamara mai wannan tambari, ko da jabu ne daga Dubai ko Guangzhou. Kaɗan ne suka san cewa yankin da suka fito yana cikin wuraren da duniyar kayan alfarma ta daɗe tana ɗibar fata.

Yadda Maroko ta ci sunan

A Faransanci, duk sana'ar jakunkuna da walat da ɗamara ana ce mata maroquinerie, fatar akuya mai laushi kuma maroquin. Kalmomin biyu daga sunan Maroko suka fito. Masana tarihi sun daɗe da nuna cewa wani babban kaso na wannan fata daga ƙasar Hausa ayarin raƙuma ke ɗauko ta, su keta Sahara da ita zuwa tashoshin arewacin Afirka, Turawa su saya a can, su laƙaba mata sunan inda suka same ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shaidar tana nan a rubuce. Matafiyin nan Leo Africanus, a littafinsa na ƙarni na 16, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai kayansu Tumbutu da Gawo. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin tufafin rini da takalma da jemammun fatu da ake fitarwa daga birnin, wasu har Tarabulus. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai fatar ta juya baya ga hamada ta nufi teku. Masu yi wa littattafai bango a Ingila suka ƙwallafa rai a kanta saboda tana jure shekaru ba ta ruɓe ba, suka riƙa kiranta "Niger". Kada wani ya yi saurin murna: sunan kogin ne da kamfanin Turawan da ke kasuwanci a bakinsa, tun Jamhuriyar Nijar ba ta zo duniya ba. Ko a nan ma, ɗan kasuwa ne ya raɗa suna.

Dabbar da ta jawo wannan duka ita ce jar akuya, wadda a Nijar ake ce wa jar akuyar Maraɗi, a Najeriya kuma ta Sakkwato. Dangi ɗaya ne da iyaka ta raba wa suna. Ba ta da girma sosai, gashinta gajere ne mai sheƙi, tana yawan haifar tagwaye, shi ya sa mata ke son ta. Fatarta tana da tsari matsattse, ga laushi ga ƙarfi, tana kuma karɓar rini da kyau. Cibiyar kiwonta ita ce Maraɗi da Tasawa, inda tun farkon shekarun 1960 gwamnati ta kafa cibiyar kula da irin. Ƙasar Arewa tana bakin wannan yanki ne. A kudu, wajen Tibiri da kwarin Dallol Mawri, ana ganin jajayen awaki da dama. Idan aka hau arewa zuwa Dogon Kiriya da Sukukutan, sai dogayen awakin Sahel su fara rinjaye, kuma barbara tsakanin iri biyun ta sa garke da yawa ya zama gauraye. Ƙungiyoyin raya karkara sun yi ta raba jajayen awaki ga mata ta tsarin habbanaye, wato aron dabba irin na Fulani, amma abin da ke gabansu nono ne da kuɗin cefane. Ba safai ake zancen fatar ba.

Abin da majemi ya sani

Wanda bai taɓa shiga majema ba, wari ne zai fara korarsa. Wanda ya daure ya tsaya zai ga aikin da kamfanonin Turai ke tallata irinsa a yau da sunan jima ta itatuwa, suna ƙara masa kuɗi.

Ana fara jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan turmi ko gungume a kankare. Wasu majema na amfani da ganyen fataka, wasu kashin tantabara ko na kaji, don fatar ta buɗe ta yi laushi. Daga nan sai bagaruwa, wadda mutanen Nijar da dama ke ce wa gabaruwa: a daka 'ya'yanta, a jiƙa, a tsoma fatar ana juyawa ana matsewa har ruwan ya ratsa ta. A shanya, a shafe ta da man gyaɗa, a yi ta murza da ja da hannu da ƙafa. Jan launin nan da ya yi suna daga karan dafi ake samunsa, baƙi daga ƙarfe, rawaya daga gangamau. Babu ma'auni a rubuce. Majemi yana gane fata ta nuna ne da yatsa da ido, kamar yadda ya gani a wurin mahaifinsa.

Daga majemi sai baduku. Shi ke fitar da gafakar Alƙur'ani, da kube, da rigar laya, da zabira, da titimi, da takalma, da kayan doki: linzami, ragama, rigar sirdi. A nan ne labarin ya yi kama da na Paris har abin ya ba da mamaki. Thierry Hermès ya buɗe shagonsa a 1837 yana ɗinka kayan doki ne, ba wani abu ba. Da mota ta fara korar doki daga titunan Turai, jikokinsa suka ɗauki ɗinkin sirdi suka mayar kan jaka, kuma har gobe doki da keken doki ne tambarin gidan. Louis Vuitton ya fara a 1854 da akwatunan tafiya. Ɗansa Georges ya ƙirƙiro tambarin LV a 1896, kuma babban dalilinsa shi ne masu kwaikwayo sun dame su. Guccio Gucci ya buɗe nasa a Florence a 1921, shi ma da kayan fata. Wato dukkansu dukawa ne. Da a fadar Sarkin Arewa aka haifi Thierry Hermès, da a rumfar dukawa za a same shi da basilla a hannu.

Bambancin ya zo ne a wurin ajiye suna. Gidajen Turai sun buga sunansu a jikin kowane kaya, sun adana littattafan oda da zanen farko, sun yi rajista, sun kai masu jabu kotu, sun kafa makarantun koyar da magada. A ƙasar Hausa kuwa sana'ar jima da dukanci da fawa an daɗe ana yi musu kallon ƙasa-ƙasa, har a wasu gidaje ana jan ƙafa wajen ba su aure. Yaron da ya ga haka, da ya samu hanyar Yamai ko ci-rani, ba ya waiwayen majema. Wannan raini ya yi wa sana'ar ɓarnar da takalman roba na Sin ba su yi mata ba.

Masana'antar zamani ma ba ta tsaya a Nijar ba. Kamfanin jima na SONITAN da ke Maraɗi ya daɗe da rufewa. Abin da ya rage shi ne majemun gargajiya irin na Gamkale a bakin kogin Yamai, da masu sana'a a gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata. Yawancin ɗanyar fata Najeriya take tsallakawa, kuma ga mutumin Dogon Dutsi hanyar ba ta da nisa, tunda Kangiwa da sauran garuruwan Arewa na jihar Kebbi 'yan uwa ne na jini. Daga can sai Sakkwato da Kano, inda masana'antun Challawa da Sharaɗa ke jeme ta rabi, a loda ta zuwa Italiya da Sifaniya. A can ake ƙarasa gyara, a can ake buga hatimi. Ana yawan jin cewa manyan gidajen ado na duniya da fatar Kano suke aiki, sai dai gidajen ba sa bayyana wa mai saye ƙauyen da fatar ta fito, kuma tunda ba a rubuta komai tun daga kasuwar farko ba, babu takardar da mutumin Arewa zai ɗaga ya ce tasa ce. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da faɗuwar darajar Naira, sun nuna wa masu tara fata hatsarin dogara da mai saye guda.

Akwai inda aka ɗan ambaci Nijar. Tun shekarun 1990 Hermès ya yi aiki da maƙeran azurfa na Agadas, waɗanda suka riƙa ƙera masa kan ɗamara da maƙullan jaka masu zanen Abzinawa. A 1998 kuma mai zanen tufafi Alphadi ya kai bikin FIMA cikin hamadar Tigidit, ya jawo idon duniyar ado zuwa ƙasar. Amma waɗannan labaran Agadas ne. Jar akuya ba ta samu irin wannan rana ba tukuna.

Tukubar da ta fi gidan abinci daɗewa

A ɓangaren abinci ma haka zancen yake. A Madrid akwai gidan cin abinci mai suna Botín da aka buɗe a 1725, wanda kundin Guinness ya ɗauka a matsayin mafi daɗewa da bai daina aiki ba, kuma masu gidan na alfahari da tandun da suka gada. A Paris, La Tour d'Argent ya fara ba kowace agwagwar da ya gasa lamba tun 1890, a miƙa wa wanda ya ci kati mai ɗauke da lambar. A 2003 suka kai ta miliyan ɗaya. Agwagwa dai agwagwa ce, lissafin ne ya mayar da ita tarihi.

Ƙasar Hausa ba ta gina irin waɗannan gidaje masu farin ƙyalle a kan tebur ba. Abincin alfarmarta yana cikin gida, a wurin biki da saukar baƙo, wanda ake sayarwa kuma yana hannun mahauta ƙarƙashin Sarkin Fawa. Duk wanda ya bi babbar hanyar RN1 daga Yamai zuwa Ƙonni da Maraɗi ya san yadda motoci ke tsayawa a Dogon Dutsi, fiye da kilomita 270 daga babban birnin, fasinja su sauka neman balangu da tsire. Cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda suka gaji wuƙa daga uba da kaka. Idan aka ƙirga zuriya, wata tukubar za ta girmi gidajen abinci da yawa da ke cikin littafin Michelin, wanda shi kansa a 1900 aka fara buga shi. Amma tukuba ba ta da allo, ba ta da shekarar kafuwa, kuma in mai ita ya rasu ko hukuma ta faɗaɗa hanya, shi ke nan.

Kilishi ne sarkin wannan fage. Ana zaɓar tsoka marar kitse, a yanyana ta siririya kamar takarda, wanda shi ne aikin da ke bambanta gwani da ɗan koyo. A shanya a kan gadon kara, ta bushe, a tsoma ta cikin labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta. A Nijar an san ja, an san fari, an san rumuzu wanda ba a yi masa labu, mai da gishiri da ɗan yaji kawai. Madawa da Tasawa da Damagaram sun yi suna a kai. Kowane gida yana da sirrin haɗinsa, kuma ba a faɗa wa bare.

Ga 'yan ci-rani, kilishi ne tsarabar da ake roƙo kafin a tambayi lafiyar gida. Nan kuma matsala take: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan nono daga ƙasashen waje a cikin kayansa, Amurka ma tana da tsauri a kai. Ƙullin da uwa ta ɗaure da hannunta yakan ƙare a kwandon jami'an kwastan. Kafin kilishi ya shiga kantunan can ta ƙofar gaba, sai an samu mayankar da aka amince da ita, da shaidar likitan dabbobi, da shanya da ƙuda da ƙura ba sa kaiwa, da leda mai ɗauke da ranar yi da ranar lalacewa. Kasuwar tana nan tana jira, 'yan ƙasa ne ma masu sayen farko.

Rajistar 2021 da abin da ya rage

A 2021 hukumomin Nijar suka sanar da cewa an ba wasu kaya huɗu kariya a ƙungiyar OAPI mai kula da mallakar fasaha, wadda ke da mazauni a Yawunde da ƙasashe 17: kilishin Nijar, albasar Galmi, cukun Nijar, da fatar jar akuyar Maraɗi. Wannan shi ne karon farko da aka ɗaure sunan waɗannan kaya da ƙasarsu a gaban doka. Dabarar tsohuwa ce a Faransa, inda cukun Roquefort ya samu irin wannan kariya tun 1925. A Afirka, masoron Penja na Kamaru ya samu tasa a 2013, daga baya Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, kuma manomansa sun ga canji a farashi.

Takarda kaɗai ba ta ƙara wa fata kuɗi. Abin da ya ɗaga masoron Penja shi ne manoma sun haɗa ƙungiya, sun amince da ƙa'idar aiki, sun yarda a riƙa bincikarsu. Ga fata, ƙa'idar tana farawa ne tun akuya na raye. Tabon ƙaya, da ƙazuwa, da lalas da ake yi wa dabba don shaida, duk suna fitowa bayan jima. Wuƙa mai tsini a hannun mai gaggawa tana huda fata ko ta sirance ta. Shanya a ƙasa cikin tsakar rana yana ƙona ta ta ciki, sai an kai majema ta ɓarke. Tun zamanin Turawa malaman dabbobi ke koyar da a rataye fata a inuwa, amma mahauci ba zai ɓata lokacinsa ba muddin mai saye kuɗi ɗaya yake biya wa mai kyau da mai huji. Akwai kuma ganda, wadda ke cinye fatun shanu da yawa kafin su ga majema.

Sai batun iyaka. Najeriya ba ta cikin OAPI, alhali ita ce ke jeme mafi yawan fatar, tana kuma da nata kilishin da nata jar akuyar. Mutumin Dogon Dutsi da ɗan uwansa na Kangiwa akuya ɗaya suke kiwo, amma ɗaya yana da rajistar suna babu masana'anta, ɗayan yana kusa da masana'anta babu rajista. Sunan da aka yi wa rajistar kuma na Maraɗi ne, don haka sai masu kiwo da mahautan Arewa sun nemi wurin zama a teburin da ake tsara ƙa'idar, in ba haka ba su koma masu kai kaya a sunan wani, kamar yadda kakanninsu suka yi wa Maroko.

Wasu abubuwan ba sa jiran gwamnati. Matashin da ke da waya zai iya zama da tsohon majemi ko baduku na unguwarsu ya ɗauki aikinsa daki-daki, ya rubuta sunayen waɗanda suka koya masa har inda tunaninsa ya kai. Mai kilishi zai iya buga sunan gidansu da garinsu a jikin leda maimakon tsohuwar takardar siminti. 'Yan ci-ranin da ke aiko da kuɗin gina shago za su iya yin odar jaka hamsin daga baduku guda, da sharaɗin ya sa hatiminsa, su gwada ta a kasuwannin da suke zaune. A Legas an fara baje kolin fata na shekara-shekara tun 2017, kuma masu zanen jakunkuna na can suna neman fata mai kyau da za su iya faɗin asalinta.

Lokacin da fata ta fi yawa a Arewa shi ne Babbar Sallah. A yini biyu ana feɗe dabbobin da suka fi na watanni, yawanci a tsakar gida, a hannun wanda ba sana'arsa ba ce. Wasu fatun a kai masallaci sadaka, wasu a yi buzu, wasu su kwana a rana har su yi wari a jefar. Masu tara fata kan bi unguwa-unguwa da buhun gishiri, su ɗauki waɗanda suka tsira, su nufi iyaka da su.